Nawa Ne Kuɗin Tsohuwar Kwalba?

A ranar 5 ga watan Disamba na shekarar 1985, a zauren gwanjo na kamfanin Christie's da ke birnin Landan, aka ɗaga wata kwalba guda ɗaya tak aka ce jama'a su taya. Kwalbar koriya ce mai duhu, babu takardar suna manne a jikinta irin wadda muka saba gani, sai dai an zana mata rubutu a kan gilashin: shekarar 1787, da sunan wata shahararriyar gonar inabi ta ƙasar Faransa, wato Lafitte, sai kuma haruffa uku, Th.J. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci aka sallama ta a kan fam 105,000 ga wani Ba'amurke, Christopher Forbes, ɗan gidan masu mujallar Forbes. A lokacin ba a taɓa sayen kwalbar giyar inabi da tsada irin wannan ba. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne an ce haruffan nan uku na sunan Thomas Jefferson ne, shugaban Amurka na uku, wanda ya yi wa ƙasarsa jakadanci a Faransa daga 1785 zuwa 1789.

Mun san akwai mai karatun da zai yamutsa fuska ya ce, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mujallar marubuta da kwalbar giya, abin da addinin akasarinmu ya haramta? To, a kwantar da hankali. Abin da ke cikin kwalbar bai dame mu ba, shi kansa wanda ya saye ta ai ba don ya sha ya saya ba. Tambayar da ta dame mu ita ce, a cikin fam 105,000 ɗin nan, nawa ne kuɗin gilashi, nawa ne kuɗin shekaru, nawa ne kuma kuɗin haruffa uku? Muna ganin wannan tambaya ta shafi duk wanda ya riƙi alƙalami sana'a.

Bari mu fara da gilashin, domin shi ne mai gaskiya a cikin wannan magana. Masanin tsofaffin kwalabe, idan aka miƙa masa kwalba, abin da zai fara yi shi ne ya kifa ta ya dubi gindinta. Dalili kuwa, kafin zuwan inji da baki ake hura kwalba. Mai aikin zai ɗebo narkakken gilashi a kan wani bututun ƙarfe, ya yi ta hurawa yana juyawa har ya kumbura, sannan ya manna wani sandan ƙarfe a gindin don ya sami abin riƙo yayin da yake gyara baki. Idan ya gama sai ya ɓalle sandan, wurin ya bar tabo mai kaushi, wanda wani lokaci in ka shafa shi da yatsa sai ya yanke ka. Mu dai cibiya za mu kira wannan tabo, domin nan ne aka raba kwalba da mahaifarta. Kwalbar da ke da cibiya irin wannan, galibi an yi ta ne kafin tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da aka samo wata dabarar riƙe ta ba tare da an manna mata sanda ba.

Daga nan sai ya ɗaga ta ya duba ta da hasken rana. Zai ga 'yan ƙwayoyin iska da suka maƙale a cikin gilashin, ya ga wani gefe ya fi wani kauri, ya ga wuyan ya ɗan karkace, abubuwan da ke nuna aikin hannun ɗan Adam ne. Shi kansa launin yana da tarihi. A shekarar 1615 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya hana masu narka gilashi ƙona itace, saboda ana bukatar katako don ƙera jiragen ruwan yaƙi. Sai suka koma ga kwal. Wutar kwal ta fi ta itace zafi, don haka gilashin da ya fito ya zo da kauri da ƙarfi da duhu, koren da in ba ka ɗaga shi ga haske ba sai ka rantse baƙi ne. Dokar da aka kafa don jiragen ruwa ita ta haifi kwalbar da za ta iya shekara ɗari uku ba ta fashe ba.

Siffa ma shaida ce, musamman a kwalaben Ingila waɗanda aka fi sanin jerinsu. Ta wajen tsakiyar ƙarni na 17 tana da tumbi zagayayye da dogon wuya, tamkar goran ruwa. Daga wajen 1680 zuwa 1730 wuyan ya gajarce, tumbin ya baje, har Turawa suka yi mata laƙabi da albasa. Bayan nan gefenta ya fara miƙewa, zuwa wajen 1760 ta kama hanyar zama doguwa sambal kamar yadda muka san ta. Wannan canji kuwa ba don ƙawa aka yi shi ba. An gano cewa idan aka kwantar da kwalba, abin da ke ciki yana jiƙa ɓawon itacen da aka toshe bakinta da shi, sai ya kumbura ya hana iska shiga. Mai tumbi kuwa ba ta kwantuwa, ba a kuma iya jera ta bisa 'yar'uwarta. A shekarar 1821 wani mutumin Bristol mai suna Henry Ricketts ya yi rajistar wani mazubin ƙarfe mai ɓangare uku wanda ake hura kwalba a cikinsa, sai kwalabe suka fara fitowa da layin haɗi a kafaɗa, kamar ɗinkin riga. A 1903 kuma Michael Owens na Amurka ya fito da injin da ke yin kwalba ba tare da hurin baki ba, kuma ita kwalbar inji ana gane ta da layin haɗin da ya tashi daga gindi ya haye har saman leɓe. Amma fa a nan ma sai da lura, domin a ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu juya kwalba a cikin mazubin tun tana da zafi don layin ya shafe. Saboda haka rashin ɗinki shi kaɗai ba ya mayar da kwalba tsohuwa, kamar yadda furfura ita kaɗai ba ta mayar da mutum dattijo.

To, duk wannan ilimi, da kyansa da zurfinsa, yana da iyaka guda. Yana iya gaya mana kusan shekarun kwalba da yankin da aka yi ta. Ba ya iya gaya mana hannun wa ta shiga.

Akwai dai wuri ɗaya da gilashi yakan ɗan ambaci mai shi. A Ingila ta wancan zamani daga ganga ake sayar da giyar inabi, sai mai hali ya sa a yi masa kwalabensa na kansa, ya aika a cika masa. Don kada su ɓace ko su cuɗanya da na wani, tun kwalbar na da zafi sai mai aikin ya ɗiga mata ɗan curin narkakken gilashi a kafaɗa, ya danna hatimi mai ɗauke da sunan mai ita ko tambarin gidansu, wani lokaci har da shekara. Samuel Pepys, ma'aikacin nan na rundunar ruwa wanda littafin tarihin rayuwarsa na yau da kullum ya shahara, ya rubuta a 1663 cewa ya je ya kalli yadda ake cika sababbin kwalabensa masu ɗauke da tambarinsa. Irin waɗannan kwalabe masu hatimi da shekara su suka ba masana ma'aunin da suke gwada sauran da shi, kuma a kasuwa sun ninka marasa hatimi daraja nesa ba kusa ba. Abin lura a nan shi ne, hatimi tare da kwalba ake haifarsa, zane kuwa a kan sandararren gilashi ake yin sa, ko yau ko bayan shekara ɗari biyu. Bambancinsu shi ne bambancin tawadar Allah da tsagar wanzami. Kwalbar da aka sayar a Landan zane gare ta.

Wanda ya kawo ta gwanjo wani Bajamushe ne da aka sani da suna Hardy Rodenstock, wanda a da manajan mawaƙa ne kafin ya koma harkar tsofaffin giya. Labarin da ya bayar shi ne, a 1985 wasu ma'aikata suna rushe wani tsohon gida a birnin Faris sai suka ci karo da wani ɗakin ƙasa da aka toshe da bulo, a ciki ga kwalabe jere. Wane gida ne? Bai faɗa ba. Su wane ne ma'aikatan? Bai faɗa ba. Kwalabe nawa aka samu? Har ya mutu bai tsayar da magana ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin Hadisi ya san sunan irin wannan ruwaya. Malamanmu ba su tsaya ga daɗin matani ba, sai sun bi isnadi, wane daga wane, kowane mutum a san shi a san halinsa. Inda aka ce "wani ya gaya mini" kuwa, nan sarƙa ta tsinke. Amma labarin Rodenstock ya karɓu, domin ya rataye shi a kan ƙusoshi na gaskiya. Gaskiya ne Jefferson ya ziyarci yankin Bordeaux a 1787. Gaskiya ne yana son giyar can. Gaskiya ne kuma akwai wasiƙarsa ta 1790 inda ya yi odar giya domin kansa da Shugaba George Washington, ya ce a yi wa kayan kowannensu alama da haruffan sunansa. Masanan gilashi na kamfanin gwanjon kuma suka duba suka ce kwalbar da salon rubutun sun yi daidai da na Faransa a ƙarni na 18. Biri dai ya yi kama da mutum.

Tun a wancan lokaci masu kula da Monticello, wato gidan Jefferson da aka mayar gidan tarihi, suka nuna shakka. Hujjarsu ita ce Jefferson mutum ne mai rubuta komai, har 'yan kuɗin da ya kashe a hanya, kuma ba su ga inda ya rubuta sayen wannan giya ta 1787 ba. Ba a saurare su ba. A 1988 wani attajirin Amurka, Bill Koch, ya sayi huɗu daga cikin irin waɗannan kwalabe a kan kusan dala 500,000. Ya ajiye su shekara 17 yana nuna wa baƙi, sai a 2005, da gidan kayan tarihi na Boston zai baje kolin dukiyarsa aka nemi asalin kowane abu a rubuce, sannan aka tuntuɓi Monticello, suka maimaita abin da suka faɗa tun farko.

Binciken da ya biyo baya abin a tsaya a duba ne. Koch ya ɗauki wani tsohon jami'in hukumar binciken laifuka ta Amurka, shi kuma ya kai kwalaben wurin wani masanin kimiyya Bafaranshe, Philippe Hubert. Tun da aka fara fasa bam ɗin nukiliya a 1945, wani sinadari mai suna siziyam 137 ya watsu a iskar duniya, ya sauka a ƙasa, ya shiga tsirrai, har da inabi. Kafin wannan shekara babu shi a amfanin gona. Ana kuma iya gano shi ta hanyar auna tururin da yake fitarwa ta cikin gilashi ba tare da an buɗe kwalba ba. Aka yi awon a wani ɗakin bincike da ke ƙarƙashin duwatsun kan iyakar Faransa da Italiya, ba a sami sinadarin ba. Ma'ana, abin da ke ciki ya girmi 1945. Shi ke nan abin da kimiyyar nukiliya ta iya faɗa. Tsakanin 1787 da 1945 kuwa akwai shekara 158 da ta yi shiru a kansu. Abin da ya fasa ƙwan ƙaramin abu ne. A ƙarni na 18 ana zana gilashi ne da wata 'yar ƙafar tagulla mai juyawa, wadda ake tuƙawa da ƙafa kamar keken ɗinki, mai zanen yana goga kwalbar a jikinta, kuma hakan yana barin layi mai kauri a wani wuri da siranta a wani. Da masana zane suka sa madubin ƙara girma, sai suka ce waɗannan haruffa da ɗan injin lantarki aka yi su, irin wanda likitan haƙori ke amfani da shi. Koch ya kai ƙara a New York a 2006. Rodenstock ya musanta zargin amma ya ƙi bayyana gaban kotun, aka yanke hukunci a bayan idonsa a 2010. Ya mutu a 2018.

Yanzu sai mu dawo ga tambayarmu. Ranar da Koch ya ji sakamakon nan, me ya canza a jikin kwalabensa? Nauyinsu yana nan, launinsu yana nan, cibiyarsu tana nan, tsufansu ma mai yiwuwa na gaske ne. Wani zai ce, to ai bai yi asarar komai ba, tun da shekara 17 ya yi yana jin daɗinsu, kuma jin daɗin nan ba na jabu ba ne. Da bai tona ba da har yau yana cikin farin cikinsa. Wannan magana tana da ɗan ƙarfi, kada mu yi saurin watsar da ita. Amma mu a ganinmu ba ta tsaya ba. Mutumin nan ba gilashi ya saya ba, ba kuma jin daɗi ya saya ba. Abin da ya biya kuɗi dominsa shi ne ya taɓa abin da hannun wani mutum na tarihi ya taɓa, kuma wannan abu tun ran farko ba a ba shi ba. Shekarun da ya yi yana murna, shekaru ne da wani yake can gefe yana yi masa dariya. Wanda aka yaudara, ko bai sani ba, an mayar da shi abin wasan wani, kuma babu mai hankalin da za a tambaye shi tun farko ya zaɓi haka. Bugu da ƙari, cutar ba a kansa ta tsaya ba. Duk wata tsohuwar kwalba ta gaskiya sai da zargi ya shafe ta, shi kuma Jefferson da ke kabari aka ƙara masa a tarihinsa abin da bai aikata ba.

Sai dai laifin ba na mai ƙirƙirar labari ne shi kaɗai ba. Sanin kowa ne dillali daga la'ada yake ci, kuma la'ada tana bin tsadar kaya. Idan ya zama gidan da zai tantance kaya shi ne gidan da zai ci la'adarsa, to ko da kowa a gidan mai gaskiya ne, ido yakan fi saurin ganin abin da zuciya ke so. Ba mu ce Michael Broadbent, masanin da ya jagoranci gwanjon, ya san da wata maƙarƙashiya ba. Hasali ma da wani littafi da ya fito a 2008 ya yi masa shaguɓe, ƙara ya kai a Landan, mawallafan suka ba shi haƙuri suka biya shi diyya a 2009. Abin da muke cewa shi ne kowa a zauren nan yana son labarin ya zama gaskiya, mai sayarwa da dillali da mai saye da 'yan jarida. Masu cewa a dakata kuwa ba su da abin sayarwa, don haka muryarsu ba ta yi nisa ba.

Yana da sauƙi mu yi wa attajiran nan dariya, mu da muka saba ganin kwalba a hannun mai gyaɗa ko mai man ja, ko a unguwar Masaga ta Bida inda ake narka ta a yi munduwa da tsakiya, ba a tambayar wa ya taɓa mallakarta sai dai launinta. Dariyar ma tana da gurbi, domin ita kwalbar Forbes, da aka kafa ta a ƙarƙashin fitila don masu kallo, zafi ya busar da abin toshe bakin, ya faɗa ciki. Amma kafin mu ƙyalƙyale, mu tuna da allon kakanmu da ke rataye a zaure, ko takobin da aka ce da shi kakan kakanmu ya je yaƙi. In aka kai allon nan kasuwa itace ne kawai. Mu ma labarin muke riƙe da shi, kuma da wani zai zo ya tabbatar mana cewa a kasuwar Kurmi aka sayo takobin shekara arba'in da suka wuce, da mun ji abin da Koch ya ji. Bambancin kawai shi ne namu isnadin a cikin gida yake, uwa daga kaka, kuma babu wanda ya ci riba da faɗa mana.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu, 'yan'uwa marubuta. In aka tabbatar da abin da masana zanen nan suka faɗa, to wanda ya riƙa ɗan injin nan ɗan sana'armu ne ta wata fuska, domin ya ƙago labari mai wuri da lokaci da tauraro, ya taƙaita shi cikin haruffa uku, ya kuma sami ladan da babu marubucin da muka sani ya taɓa samu a kan harafi. Mu ma ƙagowa muke yi. Abin da ya raba mu da shi shi ne mu mukan yi sallama. Kakarmu ba ta fara tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma da yardarsa ya shiga. Kalmar "ƙagaggen labari" a bangon littafi ita ma wannan aiki take yi. Amma sau nawa muka ga an rubuta a farkon littafi cewa wannan labari ya faru da gaske, alhali marubucin ya san don ciniki ya faɗa? Sau nawa aka tsara magana mai daɗi aka jingina ta ga wani babban malami ko mawaƙi da ya riga mu gidan gaskiya, don ta yi nauyi? Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucenmu na Larabci da ajami sun san wannan matsala sarai. Sukan ɗaga takarda ga haske su ga alamar jinjirin wata uku da masana'antun Italiya ke sa wa takardar da fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa, daga nan su kintaci zamaninta. Amma tsufan takarda ba ya tabbatar da sunan da aka rubuta a ƙarshenta, sai an bi salo, an bi hannun mai kwafa, an bi ta gidan wa ta fito.

Akwai wata kwalbar a garin Speyer na ƙasar Jamus wadda ta girmi duk waɗanda muka ambata. A 1867 aka tono ta daga kabarin wasu mutane biyu na zamanin daular Rum, kuma masana sun sa ta a tsakanin shekarar 325 da 350. Tana cin kusan lita ɗaya da rabi, tana da 'yan hannuwa biyu a kafaɗa, kuma har yanzu akwai ruwa a ƙasanta, a ƙarƙashin wani daskararren man zaitun da aka zuba don ya tare iska. Babu harafi ko ɗaya a jikinta, ba a kuma san sunan waɗanda aka binne ta tare da su ba. An dai san ramin da ta fito, da shekarar da aka tono ta, da abin da aka samu a gefenta. Tana nan a gidan tarihin garin, kuma duk da masu kimiyya sun sha nuna sha'awar sanin abin da ke ciki, masu kula da ita ba su yarda an buɗe ta ba.